Kuben Sajan Arzika

Ni ne Ɗan'ige, baduku ɗan baduku,
a Shiyar Madunka aka yanke mini cibiya.
Jar fatar akuya na gada, da basilla da zare,
na yi wa malamai gafaka, na yi wa jarirai laya,
ban taɓa auna ƙarfe mai tofi ba
sai ran da Arzika ya tsuguna bakin rumfata.

Sajan ne, ɗan sandan ciki, ba kaki ba hula,
rigarsa ita ce rigar kowa a gari.
Ya zare harsasai, ya nuna mini takarda,
ya aje 'yar baƙar a kan kirgi,
ta kwanta lamo kamar ba ta san komai ba.
Ya ce, "Yi mata ɗaki, kada maƙwabta su sani."

Na fara da na kasuwa.
Wanga baƙi ne, na tsoma shi a kuloko,
siriri, ya lafe a ƙugu ƙarƙashin kaftani,
ya ratsa Kara tsakanin shanu da dillalai,
ko mai yankan aljihu bai ji ƙamshinsa ba.

Babbar riga kuwa uwa ce mai rufa asiri,
sai dai tana da ranar tonawa.
In ka naɗe hannunta bisa kafaɗa
don ka gaisa da manya wurin ɗaurin aure,
kwiɓinka ya fito fili kamar an ɗaga labule.
Na mai da kuben can ƙarƙashin hammata,
na rina shi ruwan ƙasa, kalar shaddarsa.
Ya yi ruku'u a gabana, ya miƙe,
ya ce, "Ka ga wani abu?"
Na ce, "Aska takwas na gani, da aikin madunki."

Zafin Sakkwato ba ya ragawa fata.
Watan bazara ya komo yana susa,
gumi ya jiƙa ɗinki, gishiri ya fito fari.
Na shimfiɗa masa saƙi daga ciki,
muka yi ciniki, ya rage mini ɗari biyu.

Sai ran sunan jikansa a Mabera.
Ya zo da farar wagambari a leda,
ya ce, "Fari nika so, tas, kada ya yi inuwa."
Na ce, "Sajan, har gidan ɗiyarka?"
Ya ce, "Waɗanda na kama sun san hanyar."
Na yi shiru, na ja zare da haƙori.

Shi ya ba ni labarin daga baya:
yayar jaririn, 'yar shekara huɗu,
ta sheƙo ta faɗa jikinsa,
goshinta ya daki abin da na ɓoye.
Ta shafa wurin, ta ce, "Kaka, mi na wanga?"
Ya ce, "Laya ce."
Ta ce, "Tawa ba ta da sanyi."
Bai ci naman suna ba ranar.

Basilla ɗaya ta ɗinka duka biyun,
ni na sani, don tana hannuna.

Bara ya aje aiki, ya mai da ta gwamnati.
Jiya ga shi da kube uku a aljihu,
sun riƙe siffarta kamar gurbin haƙori.
Yana tafiya har yau hannun dama a buɗe,
yana kauce wa abin da babu.
Ya ce, "Baƙin da ruwan ƙasan, riƙe su.
Farin nan, ko zai isa takalmin yarinya?"

Na juya shi, na auna da taƙi.
Ƙafa ɗaya za ta fita.
Ɗayar, na ce, zan cika daga fatata.